Minti Biyar Na Lailatu

Shafi na 19

Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce za ta hau mota ta biyo ni Birnin Gwari da bulala. Ku yi haƙuri, sabis ne ya yi mana halinsa kwana uku.

Sababbin shigowa, ga inda muka kwana. Sista Sabina ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a cikin gari. Wata biyar ke nan tana karatu ta waya kan yadda ake taimakon yaran da suka gagari iyayensu da duka da cizo da fashe-fashe. Yau ce jarrabawarta ta ƙarshe. Ku gyara zama.

*

Tara da rabi Sabina ta gama shimfiɗa tabarma a ɗakin awo. Ta juye gwangwanayen madara a kai, da murafen kwalba cike da leda, da motar kara guda biyu. Ta kai ƙaramar kujerar roba can gefe, kusa da bango.

"Sista Sabina."

Ba sai ta juya ba, ta san muryar. Malam Abarshi ne, incajin asibitin, mutumin da ya shekara ashirin da shida yana aikin lafiya kuma ba wanda ya taɓa ganin haƙorinsa a wajen aiki. Farar ambulan ce a hannunsa.

"Ina kwana, Yallaɓai."

"Lafiya. Wannan kuma wace kasuwa ce ta ci a ɗakin awo?"

"Yau ce ranar, Yallaɓai. Na faɗa maka tun makon jiya. Ƙarfe goma Dakta Huseina za ta hau."

"Za ta hau me? Bishiya?"

"Layi, Yallaɓai. Za ta kalli aikin ta bidiyo."

Ya shigo, ya sa ƙafa ya ɗan ture gwangwani ɗaya.

"An ɗauke ki aiki ki yi allura, ki auna ciki, ki ba da maganin zazzaɓi. Wata biyar ina ganinki a gindin mangwaron can kina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa."

"Sai na tashi aiki nake yi."

"Yarinyar nan ta ciji Loveth mai shara, ko ba a yi ba?"

"An yi."

"Ta fasa min ma'aunin hawan jini?"

"Ta fasa. Amma makonta na farko ke nan, Yallaɓai. Yau mako na goma sha biyu."

Ya ɗaga ambulan ɗin har saitin fuskarta.

"Kin san ko mene ne wannan?"

Ta girgiza kai.

"Takardar tuhuma ce. Na rubuta, na sa hannu, kaiwa sakatariya kawai ya rage. Yau zan zauna in gani da idona. In yarinyar nan ta tayar mana da hankali, kin gama wasan gwangwani a asibitin nan. Waɗancan iyayen da kika rubuta sunayensu kuma ki gaya musu su nemi wani wuri."

Su goma sha ɗaya ne. Akwai matar da take tasowa tun daga Kusasu duk ranar kasuwa, ba don komai ba sai ta leƙo ta tambaya ko layi ya zo kan ɗanta.

Sabina ta ɗago ta dube shi.

"In kuma ba ta tayar ba fa, Yallaɓai?"

"Ki bari mu gani tukuna."

Yana fita ta dafa bango ta rufe ido.

"Ya Ubangiji, Ka san ba don kaina nake yi ba. Kar Ka bar ni in ji kunya."

*

Goma saura kwata babur ɗin Malam Suhaibu ya tsaya a ƙofar asibiti. Manomi ne, mutumin wajen Damari. Shekara uku ke nan da suka baro ƙauye da kayan jikinsu kawai, bayan sun kwana biyu suna ɓoye wa 'yan bindiga a daji. A lokacin 'yarsa Lailatu na da shekara uku, a bayan uwarta ta yi tafiyar.

Yanzu shekararta shida. 'Yar siririya ce, idanu manya, ga ƙarfin da ba za ka ce daga jikin nan yake fitowa ba. An kore ta daga makaranta saboda ta fasa wa wani yaro kai da allo. Maƙwabta sun hana 'ya'yansu shiga gidan. Uwarta na jego, don haka uban ne yake kawo ta duk Talata.

Ta diro daga babur ta wuce ɗakin awo kai tsaye, ko kallon kowa ba ta yi ba.

Suhaibu ya matso ya rage murya.

"Sista, shekaranjiya kwano ɗaya ta ci tuwo da mu. Har ta wanke hannu da kanta."

"Kai, madalla! Ka yaba mata?"

"Na ce na ji daɗi da kika wanke hannunki. Kamar yadda kika koya min."

"To yau fa?"

Ya sosa ƙeya.

"Yau dai tun safe take huci. Ta ce sai ta goya jariri, uwar ta hana."

Gaban Sabina ya faɗi, amma ba ta bari ya gani ba.

"Ba komai. Irin ranar nan ma ita ce ta gaskiya."

"Hedimasta ya ce in kuka ba mu takarda daga nan, ranar Litinin za ta koma aji. Sista, kullum da safe sai ta tsaya a ƙofar gida tana kallon 'yan makaranta suna wucewa. Wallahi ba na iya kallonta a lokacin."

"Kawo kunnenka, Malam Suhaibu."

Ta saƙala masa iyafis na sauraren waya a kunnen hagu, ta zura igiyar ta cikin rigarsa har aljihun da wayarsa take. Haka aikin yake. Uba na ciki da 'yarsa, ita kuma tana ɗakin magani tana leƙe ta 'yar tagar da ake miƙo ƙwayoyi, tana gaya masa abin yi ta waya, yarinyar ba ta ji.

Ta jingina babbar wayarta a bakin tagar, ta riƙe ƙaramar mai tocila a kunne. Malam Abarshi ya ja kujera ya zauna a bayanta, ya ɗora ambulan a cinya.

Goma daidai fuskar Dakta Huseina ta bayyana. Likitar halayyar yara ce, daga Abuja take koyar da su, ɗalibai talatin da biyu a jihohi daban-daban. Sabina ce kaɗai daga wannan yankin.

"Sista Sabina, ina gajiya? Yau dai sabis ya yi mana kara, ina ganinki tar."

"Allah Ya sa ya ɗore, Dakta. Ga ogana nan, Malam Abarshi, ya ce zai kalla."

"Barka da aiki, Malam. Muna maraba, sai dai sharaɗi ɗaya: ba magana har a gama."

"Na ji," ya ce, fuska ba annuri.

"To Sabina, kin san tsarin. Minti biyar na wasa, yarinya ce ke jan ragama. Bayan haka uba zai ba da umarni ɗaya. Ba yarinyar nake wa jarrabawa ba, ba uban ba. Ke nake saurare. Bismillah."

*

Lailatu na zaune a tsakiyar tabarma ta juya wa ubanta baya.

"Sauka ƙasa kusa da ita, Malam Suhaibu," Sabina ta ce a hankali. "Faɗi abin da hannunta yake yi."

Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa.

"Lailatu na ɗora gwangwani a kan gwangwani."

"Yauwa. Ci gaba."

"Ta ɗora na uku. Ta ɗora na huɗu."

"Yabo yanzu. Ka faɗi abin da ka yaba."

"Na ji daɗi da kike ɗorawa a hankali."

Yarinyar ba ta juyo ba, amma kafaɗarta ta ɗan sauka.

"Me kike ginawa ne?" in ji Suhaibu.

"Tambaya ce wannan, bar ta ta wuce," Sabina ta ce. "Ba laifi. In ta yi magana, maimaita kawai."

Can Lailatu ta ce, "Rumbu ne."

"Rumbu ne."

"Rumbunmu na Damari."

Suhaibu ya waiwayi tagar.

"Maimaita, Malam Suhaibu. Ina tare da kai."

"Rumbunmu... na Damari."

"Wanda aka ƙona."

Hmm, jama'a. A mako goma sha biyun nan yarinyar ba ta taɓa ambaton ƙauyen ba. Su a gida ma sun ɗauka ba ta tuna komai.

"Ka iya. Faɗa mata yadda ta faɗa. Kar ka ƙara komai."

"Wanda aka ƙona," ya ce.

Lailatu ta juyo ta miƙa masa gwangwani ɗaya.

"Riƙe. Ni zan gina maka wani."

"Na gode da kika ba ni in riƙe," ya ce. Wannan karon ba wanda ya gaya masa.

"Da kyau ƙwarai," Sabina ta raɗa. "Kai ka samo wannan da kanka."

Ta saci kallon babbar wayar. Dakta Huseina na rubutu, tana gyaɗa kai.

Ba wanda ya lura gari ya haɗe. Hadari ya taso daga wajen daji, baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa labulen ɗakin.

Minti biyar suka cika.

"Yanzu umarni," in ji Sabina. "Kar ka taɓa rumbun nan, bar mata abinta a tsaye. Murafen kwalba za ta tattara. Magana ɗaya, ba roƙo, ba tsawa."

"Lailatu, zuba murafen nan a cikin leda."

"Ƙirga biyar a zuciyarka."

Ɗaya.

Biyu.

Yarinyar ta kai hannu kan murfi na farko.

Sai tsawa ta faɗo.

Irin wadda kake jin ta har cikin haƙori. Lailatu ta zabura, gwiwarta ta bugi rumbun, gwangwanayen suka watse ko'ina.

Ta kalle su. Ta kalli ubanta.

Ihun da ta saki sai da matan da ke jiran awo a baranda suka miƙe. Ta suri gwangwani ta jefa da iya ƙarfinta. Bakinsa ya sami Suhaibu a saman gira. Nan take jini ya gangaro.

Hannunsa ya tashi sama.

"Hannu a gwiwa, Malam Suhaibu! Hannu a gwiwa. Ja numfa—"

Ɗif.

Kiran ya yanke.

Ta duba ƙaramar wayar, ba sandar sabis ko ɗaya. Ta duba babbar, fuskar Dakta ta daskare, baki a buɗe. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, kwanon rufin na ƙara ko maganar kusa da ƙyar ake ji.

Ta sake kira. Bai shiga ba.

Ta sake.

"Me kike jira?" Malam Abarshi ya miƙe. "Ki shiga mana! Zai mare ta!"

"A'a."

"Me kika ce?"

"Na ce a'a, Yallaɓai. In ya taɓa ta zan shiga. Amma in na shiga yanzu, ni za ta riƙa ji, ba shi ba. Ni kuma ba na kwana a gidansu."

"Kina ganin jini!"

"Ina gani. Ciwon ƙarami ne, zan wanke. Ka ba shi minti ɗaya."

Ta damƙe katakon bakin tagar.

A ciki, hannun Suhaibu na nan a sama. Ya taɓa iyafis ɗin da ɗaya hannun, ya ji shiru. Ya kalli tagar. Sabina ta ɗora tafinta a ƙirji, ta ja numfashi yadda zai gani.

A hankali hannun ya sauko.

Ya sauka a kan gwiwa.

Lailatu na ta ihu tana shure-shure, tana watsi da murafe. Shi kuwa ya ƙara sunkuyawa har kansa ya zo daidai nata. Sabina ta manna kunne a tagar.

"Tsawa ce," yake cewa. "Kin tsorata. Rumbun ya faɗi, kin ji haushi. Ina nan. Ba inda zan je."

Ya faɗa ya fi sau biyar, murya ɗaya, ba ta hawa ba ta sauka. Ihun ya koma kuka. Kukan ya koma shessheƙa.

Sai ya ce, "A gidanmu ba a jifan mutum. Kin yi jifa, za ki zauna a kujera."

Ya kama hannunta ya kai ta. Ta zauna, ta zabura ta gudu bayan gadon awo. Ya bi ta ba gudu ba, ya dawo da ita.

"Zauna har in ce ki taso."

Ta sake tashi, ta harbi ƙafarsa. Ya sake dawo da ita. Bai ƙara kalma ɗaya a kan waccan ba.

Karo na uku ta zauna.

Ya koma kan tabarma ya ba ta gefe, jini na ɗiga a kan rigarsa, yana kallon agogon bango. Sabina ma agogon take kallo. Ta rantse daga baya cewa ba ta taɓa ganin minti uku mai tsawon wannan ba.

Lailatu ta yi ƙunƙuni. Ta kaɗa ƙafa. Ta kira shi mugu. Bai ɗago ba.

Sannan ta yi shiru.

"Kin zauna shiru," ya ce. "Taso. Zuba murafen nan a cikin leda."

Sabina ta ƙura mata ido.

Yarinyar ta sauko daga kujera. Ta tsaya. Ta durƙusa ta ɗauki murfi ɗaya ta jefa a leda. Ta ɗauki na biyu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har wanda ya gangara ƙarƙashin sikeli, ta kwanta rub da ciki ta zaro shi.

Ta miƙa masa ledar.

"Na gode da kika ji maganata, Lailatu. Kin tattara duka, ko ɗaya ba ki bari ba."

Sai a lokacin ta kalli fuskarsa da kyau.

"Baba, jini."

"E, jini ne."

Ta cire ɗankwalinta ta dunƙule, ta ɗora masa a girar, tana dannawa da 'yan yatsunta.

"Yi shiru, zai daina."

Ƙato da shi, Suhaibu ya rungume 'yarsa ya fashe da kuka.

Sabina ta zame ta zauna a ƙasan ɗakin magani, ta rufe fuska da hannu biyu.

"Na gode Yesu. Na gode."

*

Sai da ta wanke ciwon ta manna filasta, ruwa ya tsagaita, sannan sabis ya dawo. Wayar ta yi ƙara.

"Sabina! Me ya faru? Abu na ƙarshe da na gani shi ne jifan."

Sabina ta kwashe komai ta gaya mata, tana magana tana haki. Dakta ta saurara har ƙarshe, sai ta cire tabarau ta murza ido.

"Na yarda da ke, wallahi na yarda. Amma kin san ƙa'idar. Ba ni kaɗai ke sa hannu ba, kuma dole a ga zaman daga farko har ƙarshe. Minti bakwai kawai nake da shi."

"To yanzu ya za a yi, Dakta?"

"Sai zagaye na gaba. Wata huɗu."

Wata huɗu. In ba satifiket, ba ta da izinin karɓar ko yaro ɗaya daga cikin goma sha ɗayan nan.

Aka yi gyaran murya a bayanta.

"Dakta," in ji Malam Abarshi. "In akwai hoton sauran fa?"

Sabina ta juya.

Wayarsa ce a hannunsa.

"Da na ga naku ya yanke, sai na kunna tawa. Tun daga inda na ce ta shiga ta ƙi. Na ɗauka ne..." ya ɗan yi jim. "Na ɗauka ne don in haɗa da takardar tuhuma. Gaskiyar ke nan."

Dakta Huseina ta yi dariya har sai da hoton ya girgiza.

"Malam, Allah Ya yi maka albarka da wannan niyya taka! Amma tukuna, a kira min uban yarinyar."

Suhaibu ya leƙo da filasta a goshi.

"Malam Suhaibu, izinin da ka ba mu na wayar Sista ne. Wannan wata waya ce daban. Ka yarda a turo min, daga nan a goge?"

"Likita, ko a gidan rediyo za a sa, na yarda."

"A'a, ni da abokan aikina biyu kawai za mu gani."

Aka tura. Abin ya yi ta juyawa a kan waya, ya kai rabi ya tsaya. Sabina ta karɓe ta ta fita da gudu cikin yayyafi har gindin mangwaro, ta ɗaga sama. Da ta waiwaya, sai ga Malam Abarshi a bayanta riƙe da lema, yana kare wayar.

Bidiyon ya tafi.

Minti ashirin suna jira. Sabina ta auna mata biyu a tsakani, ita kanta ba ta san yadda ta rubuta katinsu daidai ba.

Wayar ta sake ƙara. Idanun Dakta sun yi ja.

"Sabina, kin san abin da muke nema a ƙarshen karatun nan? Ranar da uba zai yi abin ba murya a kunnensa. Wasu sai sun yi zama ashirin ba su kai nan ba. Ke kuma an matsa miki ki shiga, kika tsaya, kika faɗi dalili, kika faɗi kuma abin da zai sa ki shiga. Na ji komai."

"Dakta..."

"Na tura wa sauran biyun, sun gani. Kin ci. Cikin ku talatin da biyu, bidiyonki zan nemi izini in riƙa koyarwa da shi."

Ban san wa ya fara ba, amma Loveth mai shara ce ta jefar da tsintsiya ta rangaɗa guɗa, tabon haƙoran Lailatu na nan a damtsenta. Matan baranda suka amsa, har da waɗanda ba su san me ake ciki ba. Suhaibu sai "Alhamdulillahi" yake ta jerawa. Lailatu ta toshe kunne ta ɓuya a bayansa, tana leƙowa tana murmushi.

A gaban kowa Malam Abarshi ya yaga farar ambulan gida huɗu. Ya zauna ya rubuta wa hedimasta takarda da hannunsa, ya buga hatimi, ya miƙa wa Suhaibu.

"Ranar Litinin ka kai ta. In ya yi gardama, ka ce ya kira ni."

Ya juya ga Sabina.

"Ɗakin ajiyar can na baya, a kwashe kwalayen. Naki ne duk Talata da Alhamis. Ki aika wa mutanenki."

"Na gode, Yallaɓai! Allah Ya ƙara girma!"

"Ki same ni a ofis."

*

Tana shiga ya ce ta rufe ƙofa.

Bai zauna a kujerarsa ba. Ya tsaya a jikin taga ya juya mata baya.

"Sista, abin nan... sai 'yan shekara shida yake wa aiki?"

"A'a, Yallaɓai. Akwai tsarin manya kaɗan ma, mun yi shi a wata na huɗu."

"'Yar shekara takwas fa?"

"Ana yi."

Ya juyo, ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu. Sabina ta dafe baki. Tabon cizo ne, tsofaffi, sun fi biyar.

"Autata ce. Nafisat."

"Yallaɓai, ai ka ce tana karatu a Zariya."

"Haka na gaya wa kowa."

Ya zauna a kan bencin marasa lafiya.

"Na yi duka. Na yi kulle. Na yi tofi, na ba ta maganin barci da hannuna, ni da na san illarsa. Ranar da ta tura uwarta ta faɗa kan murhu, na ɗauke ta na kai ta wurin wani mai magani a can gaba da Tabanni. Ƙanena Bakoji ne ke kai mata abinci. Wata bakwai ke nan."

"Wata bakwai? A wane hali take?"

Bai kalle ta ba.

"Da marin ƙarfe a ƙafarta."

"Yesu!"

"Kina tsammani ƙinki nake yi? Duk ranar da na gan ki a gindin mangwaron nan, addu'a nake abin ya zama ƙarya. Don in gaskiya ne, to ni me na yi wa 'yata?"

Hawaye ya zubo masa. Sabina ba ta taɓa zaton za ta ga wannan rana ba. Ta ja kujera ta zauna a gabansa.

"Yallaɓai, ka ga Malam Suhaibu yau. Ranar da ya fara zuwa, da dorina a aljihunsa ya shigo. Ba a makara ba. Tashi ka ɗauko mota, yanzu za mu je mu kwance ta. Ita ce ta farko ranar Alhamis."

Ya ɗago.

"Za ki bi ni?"

"Bari in ɗauko jakata kawai."

Ta miƙe ke nan wayarsa ta ɗauki ƙara a kan tebur. Ya duba.

"Bakoji ne."

Ya danna, ya sa a lasifika, yana share fuska.

"Bakoji, madalla da ka kira. Ka gaya wa mutumin nan ga mu nan zuwa, ya cire ma—"

"Yaya!" Muryar na haki, iska na kaɗawa a bayanta. "Yaya, Nafisat ba ta ɗakin!"

Malam Abarshi ya miƙe tsaye.

"Kamar yaya ba ta ɗakin?"

"Ta rame, Yaya, ƙafar ta zare daga marin. Lokacin da ake ruwan nan ta fita, ba wanda ya gani. Mun bi sawunta a cikin taɓo har ƙarshen gonaki."

"Ina ya nufa? Gari?"

Shiru.

"Bakoji! Na ce ina sawun ya nufa?"

"Daji, Yaya. Ya shiga daji. Kuma a bakin rafi... akwai sabon sawun babur a gefen nata."